Na rina rairayin Djurab

Daga Musoro zuwa arewa babu sauran zancen kwalta, sai sawun tayar waɗanda suka riga ka, shi ma in iska ta bar maka. Mu bakwai ne a motar da ta taso daga Njamena za ta Faya, a watan Janairu, tsakiyar hunturu. Alhajin da ke gefena, Bahaushe haifaffen Njamena, dabino zai saro. Ni kuwa tun daga Garwa nake rungume da jakar kyamara kamar mai jego. Da na ce masa hoton rairayi ya fito da ni, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, na garinku ƙarewa ya yi?" Kowa ya kwashe da dariya, har direba, Bagorane da Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba.

Mun bi busasshen kwarin Bahr el Ghazal, mun sha shayi a Salal, mun kwana a fili. Bayan Kouba Olanga ne tuddan Djurab, hamadar rairayi da ke arewacin Cadi, suka fara tare mana hanya.

Wanda bai gan su ba zai ɗauka tsibin yashi ne kawai. Kowane tudu siffar jinjirin wata gare shi, ƙahonninsa biyu suna nuna inda iska ta nufa. Iskar daga arewa maso gabas take kwararowa, ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Gefen da take duka a kishingiɗe yake, da ɗan tauri, ɗaya gefen kuwa gangare ne, kana takawa yana zubowa. Tafiya ma suke yi, shi ya sa hanyar bara ba ta zama ta bana. Yamma da nan kwarin Bodele yake, gindin tsohon tafkin Cadi, inda farar ƙurar da ke rufe mana Garwa da Marwa take tasowa. A cikin Djurab ɗin nan kuma aka tsinci ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan Adam, a 2001, wanda masana suka ƙiyasta ya kai shekara kusan miliyan 7.

Da rana tsaka motar ta kafe. Direba ya rage iskar tayoyi, yaran mota suka hau tona, ni na sulale da kyamara. Hoto sama da arba'in na ɗauka, babu na kirki ko ɗaya. Rana na bisa kai, ba inuwa, tudu ya koma shimfiɗaɗɗen bango. Ga kyamara da nata karambanin: da ta ga hasken rairayi sai ta rage, hoton ya fito dishi-dishi, sai ka ƙara mata haske mataki guda da hannunka.

Bayan la'asar aka yada zango, nan ne rairayin ya nuna fuskarsa. Rana ta karkata, bakin kowane tudu ya zama layi mai kaifi, gefe ɗaya haske gefe ɗaya duhu, ƙananan zanen da iska ta yi suka fito kamar aikin wuyan babbar riga. Na yi wauta guda: ɗoki ya sa na haye tudun da ya fi kowanne kyau, da na waiwaya sai sawuna tsaga-tsaga a inda nake son ɗauka. Daga nan na koyi zagayowa ta baya. Gilashin kyamara ban canja ba ko sau ɗaya, na naɗe ta da leda da rawani, amma duk da haka har yau in na murɗa zoben sai na ji ƙaras-ƙaras.

A Faya, a masaukin Alhaji, na buɗe kwamfuta. Masu kala sun yi kyau irin na kalanda, ruwan ɗorawa a ƙasa shuɗi a sama, amma kalar ta cinye abin da ya tsayar da ni, wato layin nan da inuwa. Na cire ta, na mayar da su baƙi da fari. Siffa ta fito. Alhaji ya leƙo da kofin shayi a hannu ya ce, "Malam mai hoto, wannan ai toka ce." Gaskiyarsa. Hoton ya yi sanyi kamar ba a taɓa rana a wurin ba.

Maganin wannan shi ne rini. Maigidan da ya koya mini aiki a ɗakin duhu na wankin hoto yake yinsa. Baƙin da ke jikin takardar hoto azurfa ce, in an tsoma ta a ruwan magani mai farar wuta sai ta koma ruwan ƙasa, abin da ake kira sefiya, kuma hoton ya fi jure shekaru. Maganin seleniyom shi baƙin yake ƙara wa nauyi, ya ɗan ja shi zuwa shunayya. Yau a Lightroom, manhajar gyaran hoto, ake yi, ba wari ba ƙaiƙayin hannu, har kana iya ba haske launinsa daban, inuwa nata daban.

Sauƙin nan shi ke ruɗin mutane. Ni ma da farko na zabga sefiya, sai hoton ya zama kamar na zamanin Faransawa, alhali shekaranjiya na ɗauke shi. Ba na son wannan, ƙaryar tsufa ce. Na dawo da shi baya kamar marini mai tsoma ɗaya ya tsame: ɗan ɗumi a wuraren haske, launin shayi da madara, inuwar kuma na shafa mata shuni kaɗan, wanda sai ka ajiye shi kusa da na farko za ka gane an taɓa.

Bayan isha na sake miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan doguwar inuwar ya ce, "Wannan bayan la'asar ne, gab da inda muka kwana. Ga iskar ma ta nan ta fito." Sai ya tura mini farantin dabino, ya tambaye ni nawa zan wanke masa babba, na rataye wa a shago.