Kowa da sunansa: yadda na raba izinin rumbun bayanai a wani shago na Kantin Kwari

Sana'ata kula da kwamfutocin 'yan kasuwa ce a Kano, kuma bara wani dilan atamfa da shadda a Kantin Kwari ya kira ni in gyara masa tsarin lissafinsa. Rumbun bayanansa MySQL ne, yana kan kwamfutar ofis a saman bene, ta kashiya da ta sito kuma suna haɗuwa da ita kai tsaye. Na tarar da abin da na saba tararwa: kowa da root yake shiga, wato babban asusun mai kula da rumbun. Kalmar sirrin ma an rubuta ta a 'yar takarda, an manna da salatif a gefen allon kashiya. Root kuwa babu abin da ba zai iya ba. Da umarni ɗaya, DROP DATABASE, sai ya share cinikin shekaru, kuma MySQL ba za ta tsaya ta tambaye ka ko da gaske kake ba.

Kafin in taɓa kwamfuta sai da na zauna da Alhaji da biro da takarda. Wa ke shigar da ciniki? Wa ke da ikon sauya farashi? Wa ya kamata ya san nawa aka saro bandir ɗin shadda? Wa ke duba littafin masu bashi? Nan ne ainihin aikin yake, domin shi kansa Alhaji bai taɓa zama ya rarrabe waɗannan ba. Da muka gama, rukuni huɗu suka fito: kashiya, mai sito, akanta, sai shi.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai shi ne babban yaron shagon, mutum ne da ya daɗe tare da Alhaji. Ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, yanzu ni za a ce ba a yarda da ni ba?" Na ce masa, "Yaya, yau in aka wayi gari an goge rasit na dubu ɗari biyar, wa za a fara kallo? Kai ne babba, kai za a kalla, kuma ba ka da abin da za ka wanke kanka da shi, tunda duk da suna ɗaya kuke shiga." Ya yi shiru. Har ga Allah wannan shi ne dalilin da ya fi damuna a aikin nan. Na sha ganin zargi ya raba mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya, alhali da kowa yana da asusunsa da an gane gaskiya nan take.

Ɓangaren umarni ba shi da wuya. Na buɗe wa kowa asusu da CREATE USER. A MySQL asusu ba suna kaɗai ba ne, suna ne haɗe da wurin da za a shigo, kamar 'kashiya1'@'192.168.1.%'. Wato ko wani ya saci kalmar sirrin, sai yana cikin layin intanet na shagon zai iya amfani da ita. Masu gaggawa sukan sa alamar % ita kaɗai, ma'ana a shigo daga ko'ina, ni kam ba na yin haka.

Tun sigar 8.0 da ta fito a 2018, MySQL tana da CREATE ROLE, sai na tara izinin kowane rukuni wuri guda maimakon in bi mutum ɗaya-ɗaya. Kashiya ya sami SELECT da INSERT a teburin ciniki, wato jadawalin da ake rubuta ciniki a cikin rumbun: zai gani, zai ƙara, amma ba UPDATE ba DELETE. In ya yi kuskure a rasit, ya rubuta na gyara, akanta ya duba. Farashin sari kuwa, na yi wa kashiya da mai sito VIEW, wato tagar leƙa teburi, mai nuna sunan kaya da yawansu da farashin sayarwa kawai, ainihin teburin ba sa isa gare shi. A kula da wani abu a nan: ba wa mutum rukuni bai isa ba, sai an bi shi da SET DEFAULT ROLE, in ba haka ba zai shiga ya tarar ba ya ganin komai, ga layin kwastomomi a gabansa. GRANT OPTION, wato ikon ba wa wani izini, ban ba kowa ba. Alhaji ma na yi masa asusun aiki na kullum, kalmar sirrin root kuma muka sauya ta, muka rufe a ambulan ya kai gida.

Don a san wanda ya yi me, na ɗora TRIGGER, wato umarnin da ke tashi da kansa duk sanda aka taɓa teburi, a teburin ciniki da na farashi, yana rubuta lokaci da sunan mai aikin a wani teburi da ma'aikata ba sa iya taɓawa. A cikin TRIGGER ɗin USER() ake sawa, shi ke ba da sunan wanda ya shigo. In ka sa CURRENT_USER(), sunan wanda ya ƙirƙiri TRIGGER ɗin zai riƙa fitowa a kowane layi, ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Akwai kuma maganar doka. Littafin bashin nan cike yake da sunaye da lambobin wayar kwastomomi daga Maiduguri har Maraɗi, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su. Shi ya sa akanta da Alhaji kaɗai ke buɗe shi.

Bayan azumi akanta ya bar aiki, Alhaji ya bugo ya ce in goge shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kulle dai tukuna." Na yi ALTER USER da ACCOUNT LOCK, ba zai ƙara shiga ba, amma rahotannin wata-wata da aka gina da sunansa suna ci gaba da aiki. Sai da na mayar da su kan wani asusu, na bi kowa da SHOW GRANTS na ga babu izinin da ya wuce wanda muka rubuta a takarda, sannan na yi DROP USER.