Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Daren da Na Daina Amsa Sallama

Makon jiya na tsaya inda na baro Gashua, na tare a gidan Yayana a Kano saboda wankin ƙoda. A garinmu ciwon ƙoda ba baƙo ba ne. Da wuya ka shiga unguwa ba a nuna maka gidan da ya yi wa ɓarna ba. Shi ya sa ranar da likita ya faɗa min, fuskokin waɗanda muka kai makwanci kawai nake gani.

An ce in riƙa zuwa wanki sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. Aljihunmu sau 2 ya iya, wani makon ma sau 1. Aka hana ni gishiri da ayaba, aka ƙayyade min ruwan sha. Ni da na tashi a bakin kogin Yobe, sai ga ni ina tsotsar ƙanƙara a zafin Afrilu, ina kallon randa kamar maraya.

Amma ba ƙishirwa ce ta karya ni ba. Wani dare na ji matar Yaya tana ce masa a hankali an sayar da filin Baba. Daga nan barci ya ƙaurace min. Jikina na ƙaiƙayi, zuciyata na lissafin abin da na cinye wa 'ya'yansa. Masu dubiya su yi sallama, in juya fuska bango. Wani dattijo ya ce, "Malam, ka ƙara tawakkali." Na san alheri yake nufi, amma maganar ta soke ni, domin ban bar sallah ba, ban bar addu'a ba. Daɗin komai ne ya fita daga raina.

Wadda ta gano ni wata ma'aikaciyar jinya ce. Tana soka allura a jijiyar hannuna ta ce, "Malam, sau biyu ka tsallake wanki, kuma na san an biya. Lafiya?" Ban ankara ba sai hawaye. Ta bari na gama, sannan ta ce ana kiran wannan ciwon damuwa, yana yawan kama masu wankin ƙoda, kuma yana da magani. Ta ƙara da cewa kasalar da nake zargin kaina da ita har da ƙarancin jini, don ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa jiki ya haɗa jini.

Da ta ambaci likitan ƙwaƙwalwa na ce, "Sista, ni ba mahaukaci ba ne." Ta ce ta sani. Ta rubuta takarda, ta ninke, ta sa min a aljihun gaba.

Kwana 9 takardar nan ta yi a aljihuna kafin Yaya ya tsince ta wajen ba da wankin kaya. Abin da ya ce min a zaure, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.