Abin da Tarukan Ƙara wa Juna Sani Suka Koya Mini a Aikin Kula da Tsofaffi

A Ingila, kowane gidan kula da tsofaffi ko masu buƙata ta musamman sai da manaja mai rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan harkar tun 2009. Sunansa ne a takarda. In aka ba wata tsohuwa maganin da ba nata ba da tsakar dare, shi za a tuhuma, ko da yana gidansa yana barci. Ma'aikata suna da abokan hira, mai gidan yana da akanta da lauya, amma manaja ba shi da na biyu a ginin. A matsayina na manaja, wannan kaɗaicin ne yake kai ni taro, ba jawaban manyan baƙi ba.

Dokokin aikin ba sa zama wuri ɗaya. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Cheshire West, wanda ya faɗaɗa abin da ake ɗauka a matsayin tauye 'yancin wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara, kamar mai cutar mantuwa da ake kulle wa ƙofa don kada ya fita ya ɓata. Takardun neman izinin irin wannan tauyewa suka yi wa ƙananan hukumomi katutu. Aka yi alkawarin sabon tsari, muka yi ta shiri, sai a Afrilun 2023 gwamnati ta jingine shi. A ƙarshen shekarar kuma CQC ta fara sabuwar hanyar auna gidaje, wadda binciken Dakta Penny Dash na 2024 ya gano tana da manyan matsaloli. Takardar gwamnati za ta faɗa maka abin da ake so. Yadda abin yake a aikace kuwa, sai daga bakin wadda masu binciken CQC suka dira gidanta a watan jiya: me suka fara nema, wane ma'aikaci suka ja gefe, awa nawa suka yi kan littafin magunguna. Irin wannan bayani a layin karɓar shayi ake samunsa, kuma mutane sun fi sakin baki in ba a riƙe da makirufo.

Batun biza ya fi taɓa ni. Guraben aikin kula da babu kowa a Ingila sun kai 165,000 a shekarar 2021 zuwa 2022, a ƙididdigar Skills for Care, ƙungiyar da ke tattara bayanan ma'aikatan wannan fanni. A Fabrairun 2022 aka buɗe wa masu aikin kula ƙofa daga waje, 'yan Najeriya da Indiya da Zimbabuwe da Gana suka yi ta shigowa. A Maris 2024 aka hana sababbin zuwa tahowa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauka daga waje gaba ɗaya. A tsakani, an ƙwace wa kamfanoni da dama lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje, ma'aikatansu suka wayi gari ba aiki, ga wa'adin biza yana gudu, ga bashin da aka ci a gida kafin a taho. A zaman manajojin yankinmu na koyi yadda ake ɗaukar irin waɗannan bayin Allah ba tare da saɓa doka ba. A can ne kuma wata Baturiya da ke da Musulmi da yawa a ma'aikatanta ta nuna mini yadda take tsara jadawalin azumi: masu azumi su samu sassauci a Ramadan da hutun Sallah, su kuma su riƙe gida ranar Kirsimeti. Ni da nake azumin ma na ƙaru da ita.

Manyan taruka irin Care Show da ake yi a Birmingham suna da nasu amfanin. Za ka ga gadaje da na'urorin ɗaga marar lafiya da manhajojin adana bayanai, ka taɓa da hannunka kafin ka sa kuɗi. Amma kasuwa ce, kuma mai talla ba ya kushe hajarsa. In manhaja ta burge ni, sai na nemi manajan da ya shekara yana amfani da ita, in tambaye shi yadda masu aikin dare suke fama da ita.

Wahalar ita ce barin gida. Ranar da ka fita, ranar wani zai kira ya ce ba shi da lafiya, kuma mai gida zai tambayi kuɗin jirgin ƙasa me ya haifar. Shi ya sa yanzu nake tura mataimakiyata wasu tarukan ni in zauna. Ita ce za ta gaji kujerar, gara ta san takwarorinta tun yanzu. Sharaɗi ɗaya ne a kan duk wanda ya je a cikinmu: a zaman ma'aikata na gaba zai kawo abu guda da za mu gwada, mu sa masa ranar dubawa.