Raba kai da bodi in kafaɗa ta fara gajiya

Akwai maganar da ake yawan yi a garejin manyan motoci, wai tirela motar ƙarti ce, in ƙarfinka ya fara ja baya to ka koma ƙaramar mota ko ka nemi benci ka zauna kana ba yara labarin hanyar Legas. Ni dai ban yarda ba. Kafaɗata ta dama ta daɗe da samun matsala, ko bokitin ruwa ba na iya ɗagawa da ita yadda ya kamata, ga baya da ke damuna duk sanyin asuba, amma har yau in ta kama ni kaɗai nake sauke bodi in ɗauki wani, a nan Daura ko a Kwangwalam ko duk inda aiki ya kai ni. Abin da na lura da shi tsawon zamana a wannan sana'a shi ne duk lokacin da tantebur, wato farantin nan na bayan kan tirela da gaban bodi ke zama a kai, ko ƙafar bodi suka nemi ka nuna masu ƙarfi, to akwai abin da bai zauna daidai ba, ko wurin da ka tsaya, ko tsayin bodin, ko giris ya bushe. Injin da ke jan buhun siminti 600 daga Obajana har Katsina ba shi zai kasa ɗaga maka gaban bodi ba, sai dai in ba ka sa shi ba.

Wurin tsayawa shi ne rabin aikin wallahi. Ƙasarmu ta nan yashi ce, in ka bar kwalta kaɗan ka sauke bodi mai kaya a kan rairayi, kafin gari ya waye ƙafafun sun nutse, da damina kuwa ba a magana. Washegari ka zo da kai ka tarar bodin ya yi ƙasa, tantebur ba zai shiga ba, to a nan ne ake kashe kafaɗa, mutum biyu uku suna karɓa-karɓa a kan handul ɗin murɗa ƙafafun bodi suna ƙoƙarin ɗaga tan da yawa da hannu. Shi ya sa ba na rabuwa da falanki biyu masu kauri da faɗi, na ɗaura masu igiya don in riƙa jan su a ƙasa ba sai na ɗauka ba, da ƙafa nake tura su ƙarƙashin ƙafar bodi. Kuma kai da bodi su tsaya a miƙe sak, a wuri mai shafe, don in kan ya karkace ko taya ɗaya ta faɗa rami to kimfin, ƙarfen nan na ƙarƙashin gaban bodi da ke shiga tantebur, ya matse a gefe guda, liba da ake ja a buɗe tantebur ba za ta fito da daɗi ba. Gara in ɓata minti goma ina gaba ina ribas har in samu yadda nake so, yaran gareji suna dariya wai Baba ya manta tuƙi, su yi ta yi.

Sai birki da waigi, wato abin tokare taya. Tsofaffin bodi da yawa da ke yawo a hanyoyinmu ba su da birkin sifirin mai kamawa ko ba iska, iskar da ke tankinsu ce kaɗai ke riƙe su, in ta zurare cikin dare shi kenan bodi ya zama sake. Waigi gaba da bayan taya, ko da wurin ya yi maka kama da shafaffe.

Toh yanzu ƙafafu, inda mafi yawan wahalar take. Akwatin giyar da handul ke shiga yana da giya biyu, mai sauri da mai ƙarfi, ana canzawa ne ta tura sandar ciki ko jawo ta waje, ya danganta da ƙirar. Abin mamaki akwai yaran mota da suka shekara suna murɗa handul ba su san da giya ta biyun ba, ko kuma ta daskare saboda ba a taɓa amfani da ita ba. Mai sauri ta lokacin da ƙafa ke iska ce ba nauyi a kanta, da ta taɓa falanki sai ka koma mai ƙarfi ka ƙara 'yan juyi kaɗan ka tsaya. Ba aikinka ba ne ka ɗaga bodi daga kan tantebur, aikinka ƙafa ta zauna daram ta karɓi nauyin in kai ya fita. In motarka mai balan-balan ce a baya, wato jakunkunan iska a madadin sifirin, irin DAF da MAN da yawa da ake shigo da su daga Turai, to kai ka huta, rimot ɗin nan da ke gefen kujera shi ne yaron motarka na gaskiya. Ka ɗaga bayan kan da iska ya ɗaga bodin ɗan kaɗan, ka sauke ƙafafu da giya mai sauri har su kusa taɓa falanki, ka dawo ka sassauta iskar, bodi ya zauna da kansa. Ranar ɗauka ma haka, in ka kulle sai ka ɗaga iska ƙafafu su saki ƙasa, da hannu ɗaya ma kana iya naɗe su. Masu sifirin irin tsofaffin Mack da Howo da yawa ba su da wannan gatan, su dabararsu falanki ce da kula da tsayin da suka bar bodi tun ranar saukewa.

Yadda kake tsayawa ma da bambanci. Ni ina fuskantar handul ɗin ne da hannu biyu, ƙafafuna a ware, in zai sauka in sakar masa nauyin jikina in zai hau in tura da gwiwa da cinya, bayana a miƙe. Kada ka sa fuskarka a layinsa kuma kada ka sake shi farat ɗaya in akwai nauyi a kai, yana iya dawowa da baya, na ga wanda ya rasa haƙoran gaba ta haka. Masu zura bututu a handul don ya ƙara tsawo kuma, abin da suke samu shi ne su karya ƙusar da ta riƙe sandar da ta haɗa ƙafafun biyu, sai ƙafa ɗaya ta riƙa sauka ɗaya tana tsaye, ga aiki ya zama biyu. In handul ya yi tauri alhali ƙafa tana iska, ko dai ƙafar ta lanƙwashe saboda an taɓa jan bodi ba a naɗe ta duka ba, ko akwatin ya bushe. Wannan aikin makanike ne, ba na jarumta ba.

Maganar giris kuwa zan ɗan daɗe a kanta don mu nan ƙura ce ke cin mu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hunturu ya kankama, duk giris ɗin da ke kan tantebur yana shan ƙura da yashi har ya koma kamar tuwon da ya kwana, baƙi ƙirin mai tauri, ka sa yatsa ka murza ka ji tsakuwa-tsakuwa a ciki. Mutane sai su yi ta lafta sabo a kan tsohon suna ganin sun yi gyara. A'a. A kankare tsohon da ƙarfe mai faɗi, a wanke haƙorin da ke kama kimfin da duk mahaɗan liba da ɗan gas da buroshi, a bari ya tsane, sannan a sa sabo, kuma cikin ramukan nan da aka zana a fuskar tantebur ake cusa shi don su ne ke riƙe shi su riƙa rarrabawa. Ƙafafun ma suna da kan nonon giris a jikinsu, a ba su da famfo. Ranar da aka yi wa motata wannan wankin, da yatsu uku nake jan liba. Akwai tantebur na zamani, JOST da SAF-Holland duk suna yi, masu shimfiɗar roba mai santsi a sama da ba sa son giris da yawa, amma ko su haƙorin ciki yana son mai.

Tiyon iska da wayar wuta, nan ba ƙarfi ne matsalar ba, hawa da sauka ne. Hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya su kasance a riƙe da mota koyaushe, kuma ba na tsalle in zan sauko, gwiwar ba ta da wannan kuɗin yanzu. Tiyon iskar motocin Turai ja da rawaya ne, na Amurka ja da shuɗi, jan tiyon shi ne ke cika tankin bodi. Abin da nake so kowa ya riƙe, in ka cire ja birkin bodi ya kama, in ka mayar da shi birkin yana iya saki. To in ka manta ba ka ja hambirkin kai ba ka hau baya ka jona ja, motar gaba ɗaya sai ta fara tafiya kana tsaye tsakanin kai da bodi. Wannan ya kashe direbobi har a Ingila inda suke da dokoki kamar me. In hakan ta faru kada ka bi mota da gudu kana neman ƙofa, ka fizge jan tiyon. Ni kafin in taka matakalar baya sai na sake leƙa hambirki ko da na tabbata na ja.

Liba ita ce ta fi cin kafaɗar mutane, don yadda ake jan ta a sunkuye, hannu a miƙe ƙarƙashin bodi a saman taya, ga fizga. In ta ƙi fitowa mafi yawan lokaci kimfin ne ke jan haƙori, saboda ka tsaya ne kana tafiya gaba. Maganin ba wuya, birkin bodi a kame, ka shiga ka sa ribas ka ɗan matsa baya a hankali har ka ji kan ya jingina da bodin, kana cikin matsawar ka ja hambirki, ka sauko. Ka cire ɗan makullin tsaro, irin na JOST sai ka ɗan tura liba gaba sannan ka jawo ta waje ka maƙale ta a bakin farantin. Na sa wani mai walda ya lanƙwasa min rodi kamar mita ɗaya, ƙugiya a kai mariƙi a gindi, da shi nake kamo liba ina tsaye a miƙe, in jingina baya kawai nauyin jikina ya yi aikin. Kuɗin da na ba shi bai kai na allurar kafaɗa ɗaya ba. A Amurka akwai motocin da maɓalli ne a cikin kai iska ke buɗe haƙorin, kuma can har tsofaffi 'yan fansho, mata da miji, suna jan gidan kwana mai taya da a-kori-kura mai ƙaramin tantebur a bayanta, ƙafafun na lantarki ne danna maɓalli kawai. Mu nan rodi da mai walda.

In liba ta buɗe ba a fita da gudu. Ka ja gaba kaɗan har kimfin ya fita amma shasi yana nan ƙarƙashin bodi, ka tsaya ka sauko ka duba ƙafafu da falanki, in wani abu zai ba da kai gara bodin ya faɗo kan shasi da ya kifa ƙasa da hanci. Sai ka sauke iska in kana da ita ka zare a hankali.

Wajen ɗauka tsayi ne komai. So ake tantebur ya shiga ya ɗan ɗaga bodin yana shiga. In bodi ya yi sama da yawa kimfin yana iya hawa kan haƙori ko ya tsallake farantin gaba ɗaya ya zo ya daki bayan kai, kuma mafi muni shi ne ka ji ƙara kamar ya kulle alhali bai kulle ba, ka hau titi sai a shataletale ko wajen hawa gada bodi ya rabu da kai. Shi ya sa nake tsayawa kafin su haɗu in sauko in duba da idona. In bodi ya yi ƙasa kaɗan kuma ba kaya a ciki, giya mai ƙarfi a hankali ana hutawa. In ya yi sama kuma motar mai sifirin ce, falanki a ƙarƙashin tayoyin baya na kai yana ƙara maka tsayin da kake nema ba ka taɓa handul ba. A tabbata kuma kimfin da tantebur girmansu ɗaya, akwai mai inci 2 wanda shi ne gama-gari, akwai mai inci 3.5 na masu ɗaukar kaya masu nauyi sosai irin katafila.

Ka ji ƙarau, kada ka yarda da kunnenka. Giya ta ɗaya, birkin bodi a kame, ka ɗan ja gaba sau biyu ka ji ya riƙe. Sannan hambirki, tocila a hannu ko da rana ce, ka leƙa ta baya ka ga haƙori ya rungume wuyan kimfin, ba haske tsakanin faranti da cikin bodi, liba ta koma gidanta, ka mayar da makullin tsaro. Durƙuson nan yana min wuya ba kaɗan ba, na ajiye tsohon buhu da nake shimfiɗawa in sa gwiwa, amma wannan dubawar ba na wakilta ta ga kowa, ni ke da lasisi mai aji G, ni za a tambaya.

Ba wai ina cewa a kori yaron mota ba ne fa, nawa yana nan kuma yana min amfani, shi ma da haka zai koya kamar yadda muka koya. Abin da ba na so shi ne direban da zai zauna cikin kai yana danna waya ya tura yaro ɗan shekara sha biyar tsakanin kai da bodi, injin na aiki, yana ihu wai ja da ƙarfi mana ragon banza. Nawa na gaya masa tun ranar farko, in ban gan ka a madubi ba motar nan ba ta motsi, kuma in liba ta ƙi kada ka yi kokawa da ita, ka zo ka ce Baba ta ƙi. Yanzu har ya fara gane wa kansa, jiya-jiyan nan na ji yana ce wa wani yaron, kai dakata, ce wa oganka ya ɗan ba ta ribas tukuna.

Da bazara kuma, Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙarfen handul da liba ba sa taɓuwa da rana tsaka sai da safar hannu, in kuma azumi ya faɗo a irin lokacin to ina roƙon masu kaya su bari sai bayan la'asar ko da sassafe. Wasu su yarda, wasu su ce motoci na jira a layi, sai in ce to a ba ni ƙarti biyu daga cikin masu lodi su murɗa handul ni in tsaya in nuna masu giyar da za su sa.