Abin da gardamar masoya zari-ruga ta koya mini a wurin aiki

A wasan zari-ruga koci yakan fitar da sunayen 'yan wasa 23 kwanaki kaɗan kafin a shiga fili: 15 da za su fara, 8 da za su zauna a benci. Daga lokacin da takardar ta fito har alƙalin wasa ya busa usur, magoya baya ba su da wata sana'a sai gardama. A gasar cin kofin duniya ta 2023 da aka yi a Faransa, aikin da aka ɗora mini a sashenmu na wasanni shi ne in bi wannan gardama in mayar da ita gajeren rahoto kafin kowane wasa na zagayen sili ɗaya ƙwale. Aiki ne da ake yi wa kallon ƙarami, amma ya gyara mini yadda nake sauraren mutane. Na lura cewa sunan ɗan wasa ne a bakin mai gardama, amma abin da ke zuciyarsa tsoro ne. Kowa yana faɗin hanyar da yake jin za a bi a fitar da ƙasarsa daga gasar.

Afirka ta Kudu ce ta fi nuna mini haka, a kan rigar lamba 10, wato ɗan wasan da ke tsara hari kuma galibi shi ke bugun maki. Manie Libbok ne ya fara gasar da ita. Yaro ne mai ido a fili. A wasansu da Sikotilan ya ɗaga ƙwallo da ƙafa zuwa gefen dama alhali fuskarsa na kallon wani wajen, ta sauka a hannun Kurt-Lee Arendse, shi kuwa ya sheƙa ya dire ta bayan layi. Duk wanda ya ga wannan ba zai so a ajiye Libbok ba. Sai dai a wasan rukuni da Ailan, wanda suka sha kashi da 13 da 8, shi da Faf de Klerk sun ɓarar da bugu huɗu da za su kawo maki 11. Nan fa aka fara kiran sunan Handré Pollard, wanda ƙafarsa ta taimaka aka ci kofin 2019. Pollard bai ma shiga jerin 'yan wasa 33 da aka fara zaɓa wa gasar ba saboda ciwon sharaɓa. An kira shi ne bayan Malcolm Marx ya ji rauni a gwiwa wajen atisaye, kuma wannan kiran ma ya zo da tasa gardamar, domin Marx mai lamba 2 ne, ɗaya daga ƙartin sahun gaba, amma aka maye gurbinsa da mai bugu.

Da a ce na tsaya ga abin da kunne ke ji, rahoton ba zai wuce layi ɗaya ba: wasu na son wancan, wasu na son wannan. Sai na riƙa tambayar kaina, mai wannan maganar me yake gudu? Masu son Libbok suna tsoron a je gaban Faransa, ƙasar da ke zura maki da gudu, a tsaya jiran bugun fenariti mai maki uku-uku har a tsere musu. Masu son Pollard suna tsoron a yi ta fama minti 80, a samu dama ɗaya a ƙarshe, ƙwallo ta bi gefen sanda. Kowane ɓangare yana da gaskiya a kan irin wasan da ya hango. Da na rubuta shi haka, har wanda bai taɓa kallon zari-ruga ba ya gane abin da ake ja a kai.

Masu horarwa, Jacques Nienaber da Rassie Erasmus, ba su zaɓi ɓangare ba. Da Faransa a kwata fainal suka fara da Libbok suka ƙarasa da Pollard, aka tashi 29 da 28. Da Ingila a wasan kusa da na ƙarshe suka sake farawa da Libbok, amma ruwan sama ya sauka a Paris, ƙwallo ta yi santsi, Ingila ta yi ta ɗaga ta sama tana bin ta. Wajen minti na 31 aka cire shi. Cire mai lamba 10 tun ba a je hutu ba abu ne mai nauyi, kuma na tausaya masa ƙwarai da na ga yana fita. Ingila ta kai 15 da 6. Sai RG Snyman ya dire ƙwallo bayan layi, maki biyar, Pollard ya ƙara biyu da bugu, sannan saura kamar minti biyu a tashi aka sami fenariti kusa da tsakiyar fili, ya buga ta shiga: 16 da 15.

Fenaritin nan ba Pollard ne ya samo shi ba. Daga turereniya ya fito, inda mutum takwas-takwas ke haɗa kafaɗa suna tura juna, kuma waɗanda suka karya Ingila a wajen su ne Ox Nché da Vincent Koch, dukansu daga benci suka taso. A nan na koyi abin da na fi amfana da shi: idan takardar sunaye ta zo hannuna, daga lamba 16 zuwa 23 nake fara karantawa. Sunaye 15 na farko suna gaya maka yadda koci yake so a fara. Takwas na ƙasa suna gaya maka yadda yake zaton za a ƙare, kuma wasan sili ɗaya ƙwale a ƙarshensa ake cin sa. Doka ta tilasta a ajiye ƙwararrun sahun gaba uku a benci domin turereniya ba ta yiwuwa da wanda bai iya ba, wuyan mutum na iya karyewa. Sauran kujeru biyar ɗin su ne wurin da ra'ayin koci ke fitowa fili. Al'ada ita ce a cikin takwas ɗin benci a sa ƙarti biyar, masu gudu uku. Erasmus ya mayar da shi shida da biyu a Japan a 2019, har ya kai ga doke Ingila 32 da 12 a wasan ƙarshe. A Agustan 2023 kuwa, a filin Twickenham da ke Landan, suka gwada bakwai da ɗaya a kan Niyu Zilan suka ci 35 da 7. Suka sake gwadawa da Ailan, suka faɗi.

Saboda haka da aka fitar da sunayen wasan ƙarshe da Niyu Zilan na 28 ga Oktoba aka ga bakwai da ɗaya, gardama ta kai maƙura. Willie le Roux ne kaɗai mai gudu a benci. Babu Libbok, babu Cobus Reinach, wato babu wani ƙwararren mai lamba 9, mai fitar da ƙwallo daga wajen ƙarti zuwa ga masu gudu, idan de Klerk ya faɗi, sai dai Cheslin Kolbe ya bar gefe ya rufe gurbin. Masu goyon baya suka ce a ruwan sama, sababbin ƙarti bakwai a rabin lokaci na biyu sun fi kowace dabara. Masu suka suka ce caca ce da kofin duniya, rauni biyu a cikin masu gudu sun isa su rusa komai. Na rubuta hujjojin biyu dalla-dalla kafin a fara, na kuma ajiye rubutun. Wannan ɗabi'a ce da na riƙe har yau, domin da zarar an tashi wasa kowa yakan manta abin da ya faɗa jiya, sakamako ya zama shi ne hujja.

Abin da ya faru ya ba kowa abin riƙewa. Mintuna kaɗan da farawa Bongi Mbonambi, ƙwararren mai lamba 2 ɗaya tilo da ya rage musu, ya fita da ciwon gwiwa. Deon Fourie mai shekara 37, wanda ya daɗe yana buga wani gurbi daban, shi ya ɗauki kusan dukan wasan, kuma jifarsa daga gefen fili, wadda aikin mai lamba 2 ce, ta sha ɓacewa. Masu ƙorafin rashin kiran madadin Marx sun ga abin da suke tsoro da idonsu. De Klerk kuwa bai ji rauni ba, ya buga har ƙarshe. Pollard ya buga fenariti huɗu duk suka shiga, maki 12, kuma Afirka ta Kudu ba ta ƙara ko ɗaya ba bayan hutu. Niyu Zilan ta rasa kyaftin ɗinta Sam Cane da jan kati tun a rabin farko, duk da haka Beauden Barrett ya dire ƙwallo, Richie Mo'unga ya ɓarar da bugun ƙari, Jordie Barrett ya ɓarar da fenariti mai nisa dab da tashi. Aka ƙare 12 da 11, kofi na huɗu bayan na 1995 da 2007 da 2019.

Washegari rahotanni da yawa suka kira masu horarwar gwanayen da ba sa kuskure. Ni ban rubuta haka ba, kuma na tsaya a kan ƙin rubutawa ko da aka nemi in ƙara wa labarin armashi. Wasa uku a jere da tazarar maki ɗaya ɗaya. Da bugun Jordie Barrett ya karkata kaɗan, wannan bencin dai, da waɗannan sunaye dai, shi za a kira gangancin da ya zubar da kofi, alhali shawarar ba ta canza ba. Shawarar tana da hujja mai ƙarfi tun ranar da aka yanke ta, haɗarinta ma na gaske ne tun ranar, kuma waɗanda suka nuna haɗarin ba su cancanci a yi musu dariya ba. Na ga ya zama haƙƙi a kaina in faɗi wannan a madadinsu, tunda ni na ɗauki maganarsu kafin wasa.

Gasar 2027 a Ostareliya za ta ƙunshi ƙasashe 24, an kuma ƙara zagayen 'yan 16 kafin kwata fainal. Wanda zai ɗaga kofi sai ya tsallake wasa huɗu na sili ɗaya ƙwale maimakon uku, da jikin 'yan wasa da ya ƙara gajiya, da raunukan da za su taru. Kocin da ya ajiye mai gudu ɗaya a benci zai daɗe yana addu'ar kada lamba 9 ɗinsa ya faɗi, kuma kujeru biyar ɗin nan ne za a fi yin gardama a kansu.