Godiya ga waɗanda suka taya mu biki, da wanda ya tayar da rediyon Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an ɗaura aure ranar Asabar, an kai amarya ɗakinta daren Lahadi, baƙi kowa ya isa gida lafiya. Sunanta dai ba za ku ji shi a bakina ba, 'yar fari ce. Dangin da suka taso daga Funtuwa, Kaduna da Maraɗi, maƙwabtanmu na Tudun Wadar Zariya da suka ba mu aron tabarmi da ɗakunan saukar baƙi, da matan da suka kwana a gindin murhu, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda ya zo ban samu mun gaisa ba ya yafe mini, uwar amarya ba ta da kai.

Godiyar Yaya Babba kuwa daban na ware ta. Bayan an tafi da yarinyar, gida ya yi tsit, ina zaune bakin gado ina matsar ƙwalla, sai ga shi ya shigo rungume da wani abu a cikin tsohon zane. Rediyon Baba ne mai cin kaset, wanda na ɗauka tun rasuwarsa aka zubar. Ashe wata biyu ya yi a wurin wani mai gyara a Sabon Gari, wanda ya sha yawo kafin ya samo 'yar robar da ke juya kaset. Malam mai gyara, ban san fuskarka ba, amma Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Duk wanda ya tashi a gidanmu cikin shekarun 1980 ya san irin rigimar da aka sha a kan rediyon nan. Baba na Shata ne, in ba kalangu ba to ba kiɗa ba ne, Ɗanƙwairo ma da alfarma yake samun shiga. Inna tana wajen Barmani Coge da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Gwaggo kuwa sai ta yi ta hawaye da muryar Lata Mangeshkar ta finafinan Indiya alhali ko kalma ɗaya ba ta ji. Mu yara, Yaya ne ya lalata mu da Boney M. Da Baba ya sa ƙafa waje sai a zaro kaset ɗin daga ƙarƙashin katifa. Da biro muke mayar da shi baya don kada batir ya ƙare, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, in zaren ya tsinke a liƙe da jan farcen Gwaggo. Duk da haka Baba na dawowa zai kunna, ya ji muryar Shata tana jan ƙafa, ya ce: "Wa ya cinye mini batir da kiɗan Turawan nan?"

Turawa yake ce musu, alhali su huɗun baƙaƙe ne 'yan tsibiran Karibiyan, biyu daga cikin matan 'yan Jamaika. Sai da na girma na gane Baba bai yi nisa da gaskiya ba. Wani Bajamushe, Frank Farian, shi ya haɗa su a Jamus ta Yamma, kuma muryar namijin da ke cikin kaset ɗin tasa ce, ba ta Bobby Farrell ba, mai rawar da Yaya ya gani a talabijin ɗin maƙwabta ya yi shekaru yana kwaikwayo a tsakar gida. Na sha gaya masa, har gobe cewa yake ƙaryar intanet ce.

A daren nan Shata muka fara sawa, saboda mai rediyon. Inna ta yi shiru, ta yi wa Baba addu'a, ta haɗa da Shatan da ya rasu a 1999 da Barmani da ta bi shi a 2013. Sannan da kanta ta ce: "To ku sa na 'yan iskan naku." Yaya, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya miƙe. Ban san lokacin da kukana ya koma dariya ba.

Yaran da suka ɗauki bidiyon rawar nan, na roƙe ku kada ya wuce WhatsApp na dangi, mutumin nan yana da surukai. Sannan akwai wata kula shuɗiya da aka manta a ɗakin Inna, mai ita ta aiko a ɗauka.