Olsar da ba olsa ba

Jibi zan miƙa makullin ofis, bayan shekara 16 a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Katsina. An ce in bar wa na baya abin da na koya.

Da azumi ne, ina sabon likita. Bayan tarawihi aka kawo wani dattijo daga wajen Ƙofar Ƙaura, mai ciwon suga, zufa na keto masa, ya ce ƙahon zuciyarsa ke ƙuna tun shan ruwa. Na sami babbanmu na ce, "Ranka ya daɗe, ko a yi masa isiji?", wato awon da na'ura ke zana aikin zuciya a takarda. Ko ɗago kai bai yi ba. "Olsa ce, ƙosai da yaji ya ɗora wa yunwa. Bugun zuciya ciwon Turawa ne. Ka taɓa ganinsa a rajistarmu?" Na rubuta maganin olsa na sallame shi. Da asuba aka dawo da shi, rai ya yi halinsa. A taron safe ni aka tsayar, don sa hannuna ne a katin. Babban namu kuwa yana zaune yana gyaɗa kai.

Ya yi gaskiya a abu guda: tsofaffin rajistocin babu ciwon. To wa ya nema, balle ya gani? Daga baya na bi su shekara bayan shekara, na ga sunan ciwon ya fara yawaita ne daidai lokacin da muka fara awo. Ƙaruwa ta gaske ma akwai, ga hawan jini, ga suga, ga sigari, ga zaman shago wuni guda, har masu shekara 40 da 'yan kai muna kwantarwa. Amma tun shekarar 2000, da likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sa awon turofonin, sinadarin da ke fita cikin jini in tsokar zuciya ta ji rauni, ya zama ma'auni, ƙaramin bugun da isiji ba ya nunawa ƙarara shi ma ya shiga lissafi.

Sauran darussan ba su da yawa. Mai suga, mace da tsoho sukan zo da bugun zuciya ba ciwon ƙirji. Isiji cikin minti 10 da isowa. Asfirin a tauna shi, kada a haɗiye shi ɗungurungum. Takardar na'urar isiji kuma ku ɓoye naɗi ɗaya a lokarku, a sito kullum "ta ƙare".

Babban namu ya daɗe da yin ritaya. Bara mun haɗu a wani ɗaurin aure a Daura, ya ce ya ji yanzu ni ake nema in an kawo mai ciwon zuciya. Na durƙusa na gaishe shi, na nemi takalmina.